Ibrahim Yakuba: Daga Karatun Doka Zuwa Shugabancin Kishin Ƙasa

A watan Agusta na 2015, jam'iyyar PNDS Tarayya mai mulkin Nijar ta kori ɗaya daga cikin 'ya'yanta. Wanda aka kora ɗin ba baƙo ba ne a fadar shugaban ƙasa, domin ya riƙe ma'aikatar sufuri, ya kuma yi wajen shekara biyu yana mataimakin daraktan ofishin Shugaba Mahamadu Isufu. Sunansa Ibrahim Yakuba, shekarunsa 44 a lokacin. A siyasar Nijar, wanda ya ɓata da jam'iyya mai gwamnati ana saura wata shida zaɓe, yawanci sai dai ya koma gida ya jira wani zamanin. Shi kuwa kafin shekarar ta fita ya riga ya kafa tasa jam'iyyar, MPN Kishin Ƙasa, kuma da aka ƙidaya ƙuri'un ranar 21 ga Fabrairun 2016 sai ga shi na biyar cikin 'yan takara 15.

Labarin ba zai fahimtu ba sai an san ƙasar da ya jingina da ita. A Maradi aka haife shi ranar 8 ga Agustan 1971, amma tushen gidansu a Arewa yake, kuma can ne jam'iyyarsa ta fi kafuwa. Arewa a nan ita ce ƙasar Arawa da Gubawa da ke shimfiɗe a kwarin Dallol Mawri, cikin jihar Dosso. A yau an raba ta gunduma biyu: Dogon Dutsi, wadda ta ƙunshi garin Dogon Dutsi kansa, wanda ake kira Dutsi, da Matankari da Kiyeshe da Dankasari da Dogon Kiriya da Sukukutan, sai Tibiri, wadda aka ɗaga ta zama gunduma a 2011, da Dumega da Gesheme da Kore Mairuwa. Ƙasa ce ta gero da wake da gyaɗa, da noman rani na dankalin turawa a gefen Dutsi, da samari masu tafiya cin rani. Nan Lugu take, garin Sarauniya Mangu da ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899.

Ƙasa ce kuma ta bakin iyaka. Daga Dutsi zuwa Najeriya bai wuce kilomita 40 ba, kuma a ɗaya ɓangaren akwai wata Arewar, ta jihar Kabi, mai hedikwata a Kangiwa, dangi ɗaya, harshe ɗaya. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato ta ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Faransawa suka ga ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram, sai aka sake zama a 1904 da 1906 aka ja layin ya yi kudu. Da alƙalamin mutanen da ba su taɓa shan ruwan Dallol ba aka mayar da Dutsi ta zama ta Nijar.

Ibrahim Yakuba ya karanta doka a jami'ar Yamai, wadda aka sa wa sunan Abdu Mumuni. Tsararsa su ne ɗaliban da suka ga 9 ga Fabrairun 1990, ranar da jami'an tsaro suka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy, suka kuma ga babban taron ƙasa na 1991 wanda ya kawo siyasar jam'iyyu da yawa. Wanda ya yi karatun doka a waɗannan shekaru, kundin tsarin mulki bai tsaya masa a littafi ba, a gabansa ake rubuta shi, a gabansa kuma aka yaga shi da juyin mulkin 1996.

Karatun bai kai shi zauren kotu ba, aikin duwan, wato kwastam, ya kai shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Gaya ko Birnin Kwanni ya san yadda wurin yake: manyan motoci jere har ido ya gaji, direbobi sun shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tirela suna dafa shayi, masu fitar da kaya na kai da kawowa da tulin takardu a hammata, kowane buhun shinkafa da kowane kwalin sigari yana da layinsa a littafin haraji. Nijar ba ta da teku. A wancan lokaci yawancin kayanta daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke tasowa, wani kaso mai yawa kuma wucewa yake yi zuwa kasuwannin Najeriya, don haka kuɗin da duwan ke tarawa ginshiƙi ne na baitulmali. Aiki ne da jama'a ke yi wa kallo biyu, ana girmama shi ana kuma zarginsa. Amma ga mai ilimin doka makaranta ce babba, domin a nan ake ganin nisan da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da ake aikatawa.

Ta ƙofar ƙwadago ya yi suna. Ya zama babban magatakardan SNAD, ƙungiyar ma'aikatan duwan ta ƙasa, ya riƙe ta shekaru da dama. Ƙungiyar duwan ba ta kai ta malamai yawan mutane ba, sai dai idan ta tafi yajin aiki gwamnati tana jin sa a aljihu tun ranar farko. Shugaban irin wannan ƙungiya dole ya iya abu biyu: ya iya zuga taro, ya kuma iya zama da minista a kan teburi ya san inda zai tsaya da inda zai sassauta. Waɗannan halaye biyu sun bi shi har cikin siyasa, kuma su ne abin da masoyansa ke yabo, su ne kuma abin da masu sukarsa ke kamawa.

A 2009 Shugaba Tanja Mamadu ya nemi tazarce. Ya rushe majalisar dokoki a watan Mayu, ya rushe kotun tsarin mulki ta Fatimata Bazai a ƙarshen Yuni bayan ta ce masa a'a, ya yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago da na farar hula suka ja daga, har ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka kifar da shi. Sojojin suka kafa majalisar tuntuɓa mai wakilai 131, suka ba Maru Amadu, shi ma masanin doka, shugabancinta. Ibrahim Yakuba ne ya zama babban mai rubuta rahoton majalisar, kuma shi ke fitowa ya karanta wa 'yan jarida matsayarta. Wannan majalisa ce ta ba da shawarar tsawon riƙon ƙwarya, ta kuma duba daftarin kundin tsarin mulki da jama'a suka amince da shi ranar 31 ga Oktoban 2010. A nan ne karatunsa ya yi amfani mafi girma. Sojojin sun cika alkawari, an yi zaɓe, Isufu ya sha rantsuwa ranar 7 ga Afrilun 2011, kuma kundin ya rayu shekara 12 da 'yan watanni.

A watan Afrilun 2012 aka naɗa shi ministan sufuri, bayan shekara ɗaya da 'yan watanni aka ɗauke shi zuwa fadar shugaban ƙasa. Tauraruwarsa na haskawa a Yamai, a gida kuwa wuta na ruruwa.

Arewa ba ta taɓa rasa manya a siyasa ba. Janar Ibrahim Ba'are Mainasara, wanda ya karɓi mulki ranar 27 ga Janairun 1996, ɗan gidan Dumega ne, kuma bayan masu tsaron fadarsa sun harbe shi a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilun 1999, jam'iyyarsa RDP Jama'a ta daɗe tana samun ƙuri'ar alhini a yankin. Iyalinsa sun yi shekara 16 suna neman shari'a, afuwar da aka sa a kundin tsarin mulki tana tare musu hanya, sai a Oktoban 2015 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta umarci gwamnatin Nijar ta biya su diyyar sefa miliyan 435. A ɓangaren Tarayya kuwa akwai Fumakoye Gado, haifaffen Dogon Dutsi, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar a 1990, wanda a lokacin yake ministan man fetur tun 2011. Shi ne uban jam'iyya a yankin tun tana adawa, tun ba ta da ko sisin kwabo. Sai ga matashi ya shigo da baki da kuzari da samari a bayansa. Rigimar shugabancin jam'iyya a matakin gida ta yi tsami, uwar jam'iyya ta tsaya bayan tsofaffinta, aka sallami Yakuba.

Wanda ya san Tarayya ba zai yi mamaki ba. Jam'iyya ce da 'yan boko tsara ɗaya suka kafa suka sha wuya tare shekara 20, kuma ba ta saba sakar wa wanda ya zo daga baya ragama ba. Amma kuskure ta yi a lissafi, domin ba ta auna yawan mutanen da za su bi shi ba.

A watan Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da Kishin Ƙasa. A lokacin kafa jam'iyya a takarda abu ne mai sauƙi, Nijar ta tara su fiye da 100. Wahalar tana rumfar zaɓe. Takardar zaɓen shugaban ƙasa guda ce mai ɗauke da hotunan 'yan takara duka, mai zaɓe ya dangwala yatsa a tawada ya dangwala a gaban wanda yake so. Da magariba a buɗe akwati, a ƙauyukan da babu lantarki a ƙidaya da tocila, a rubuta sakamako, wakilin kowace jam'iyya ya sa hannu ya karɓi nasa kofin. Jam'iyyar da ba ta da wakili a rumfa, mai iya karatu, wanda ba za a saye shi da kuɗin shayi ba, ba ta da hujjar da za ta kai kotu. Samar da irin waɗannan mutane a dubban rumfuna cikin wata uku shi ne aikin da tsohon shugaban ƙwadago ya iya, kuma da shi ya fi wasu tsofaffin ministoci da suka tsaya takara a shekarar.

Sakamakon zagayen farko ya ba Isufu kashi 48 da 'yan kai, ɗan adawa Hama Amadu kusan 18 yana tsare a gidan kason Filinge, Seini Umaru 12, tsohon shugaba Mahaman Usman 6 da 'yan kai, Ibrahim Yakuba 4.34. A majalisa mai kujeru 171 sabuwar jam'iyyar ta samu biyar.

Mai karatu a Najeriya zai iya raina wannan adadi, domin a can wanda ya zo na biyar ba a ko tuna sunansa. Tsarin Nijar na wancan lokaci daban yake. Ba a cin zaɓen shugaban ƙasa sai da fiye da rabin ƙuri'u, in ba a samu ba a je zagaye na biyu, kujerun majalisa kuma ana raba su ne gwargwadon ƙuri'ar da kowace jam'iyya ta samu a jiha. Saboda haka mai kashi huɗu ko biyar yana da abin da manya ke nema. A 1993 Tanja ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma ƙawancen AFC ya ɗora Mahaman Usman. A 2011 Hama Amadu ne ya zo na uku ya ɗora Isufu. Jihar Dosso ma ta san wannan sana'a tun zamanin Adamu Mumuni Jarmakoye na ANDP Zaman Lahiya, wanda bai taɓa cin zaɓen shugaban ƙasa ba amma ba a kafa gwamnati ba a nemi shawararsa ba. Isufu na neman ƙasa da kashi biyu ya haye. Yakuba ya mara masa baya, 'yan adawa suka ƙaurace wa zagaye na biyu na 20 ga Maris, Isufu ya samu sama da kashi 92. Ranar 11 ga Afrilun 2016 mutumin da aka kora wata takwas da suka wuce ya dawo a matsayin ministan harkokin waje.

Akwai waɗanda har yau ba su yafe masa wannan ba. Hujjarsu mai ƙarfi ce: wanda ya ba shi ƙuri'a a Fabrairu don ya gaji da gwamnati, a Afrilu ya wayi gari ƙuri'arsa ta koma cikin gwamnatin. Magoya bayansa kuma suna cewa jam'iyya jaririya ba ta rayuwa shekara biyar a rana, kuma da kujerar minista ake kai wa yanki rijiya da makaranta. Dukansu suna da gaskiya, sai dai gaskiyar ta farko ta fi nauyi, domin ba a gaya wa mai zaɓe tun da wuri inda za a kai amanarsa ba.

Shekara biyun da ya yi a harkokin waje sun zo daidai da lokacin da Turai ta juyo da idonta kan Agadas. Dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure ta fara aiki da ƙarfi, ana kama direbobi ana ƙwace motoci. A farkon Mayun 2016, da ministocin wajen Faransa da Jamus, Jean-Marc Ayrault da Frank-Walter Steinmeier, suka zo Yamai tare, Yakuba ya faɗa a gabansu cewa Nijar na buƙatar yuro biliyan ɗaya don wannan aiki. Magana ce ta mutumin da ya saba ciniki a kan teburi: in kuna so mu tsare muku hanya, ga kuɗinta. A Oktoban shekarar shugabar gwamnatin Jamus Angela Merkel ta zo da kanta. A 2017 aka kafa rundunar haɗin gwiwa ta G5 Sahel, aka yi kwanton ɓaunar Tongo Tongo da ya ci sojojin Nijar da na Amurka, sannan a Nuwamba, da tashar CNN ta nuna ana gwanjon 'yan Afirka a Libiya, Nijar ta kira jakadan ƙasar ta nuna masa fushinta. A Maris na 2018 aka rattaba hannu a Kigali kan yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka, wadda Isufu ya jagoranta. Tsohon jami'in duwan ya ga ranar da shugabannin nahiya suka yi alkawarin rage harajin iyaka.

Abin da ya fitar da shi daga gwamnati shi ne babi mafi daraja a tarihinsa. A 2017 aka yi sabuwar dokar zaɓe, aka kafa hukumar zaɓe ta dindindin, CENI, ƙarƙashin lauya Isaka Sunna. 'Yan adawa suka ce an tsara hukumar yadda masu mulki za su fi rinjaye, suka ƙi karɓar kujerunsu. Akwai kuma aya ta 8, wadda ta haramta takara ga duk wanda aka yanke wa ɗaurin shekara ɗaya ko fiye, alhali a Maris na 2017 kotu ta yanke wa Hama Amadu shekara ɗaya cif. Kishin Ƙasa tana cikin ƙawancen masu mulki, amma ta fito ta nemi a gyara dokar don zaɓe mai zuwa ya zama wanda kowa zai yarda da shi. Gari kuma ya riga ya yi zafi, domin a ƙarshen Maris na 2018 an kama 'yan ƙungiyoyin farar hula Nuhu Arzika da Musa Cangari da Ali Idrisa saboda zanga-zangar ƙin dokar kasafin kuɗi. Ranar 11 ga Afrilun 2018, shekara biyu daidai da naɗa shi, Yakuba ya sanar cewa an nemi ya ajiye aiki. Kalla Hankurau ya gaje shi.

Ba kasafai ake ganin minista a yankinmu ya rasa kujera saboda ayar doka ba. An fi ganin ana rasa ta saboda rabon muƙami ko kwangila. Masu shakka za su ce lissafi ne, wai mai ƙaramar jam'iyya ya san rayuwarsa ta rataya ne a kan ƙidaya ta gaskiya. To, ko da haka ne, lissafin nasa ya dace da maslahar ƙasa. Manomin Gesheme da ya yi tafiyar ƙasa ya je ya dangwala yatsa, ba abin da ke kare ƙuri'arsa sai irin waɗannan ayoyi da mutane ke ganin surutun 'yan boko ne.

Ya koma adawa da ƙarfinsa, ya haɗa ƙawance, ya zaga ƙasa. A Nuwamban 2020 kotun tsarin mulki ta soke takarar Hama Amadu bisa waccan ayar. Ranar 27 ga Disamba 'yan takara 30 suka fafata: Bazum Mohamed na Tarayya ya samu kashi 39 da 'yan kai, Mahaman Usman kusan 17, Seini Umaru kusan 9, Albade Abuba 7, Yakuba 5.38, ya sake zuwa na biyar, gaban tsohon shugaban riƙon ƙwarya Salu Jibo. Kujerun majalisa suka tashi daga biyar zuwa shida. Ci gaba ne, amma ɗan kaɗan, kuma ya nuna iyakar tafiyar: shekara biyar na aiki ba su fitar da jam'iyyar daga inuwar mutum ɗaya da yanki ɗaya ba. Wannan ciwo ba nata ba ne ita kaɗai. Lumana ta Hama da yammacin ƙasa, jam'iyyun Usman da Damagaram, duk haka suka kasance. A wannan karon ya mara wa Usman baya a zagaye na biyu na 21 ga Fabrairun 2021. Bazum ya ci da kusan kashi 56, Usman ya ƙi amincewa, aka yi tarzoma a Yamai, aka rasa rayuka biyu, aka kama ɗaruruwa.

Bayan wata 14, a Afrilun 2022, Bazum ya yi wa gwamnatinsa garambawul, ya raba ma'aikatar man fetur da ta makamashi, ya naɗa Ibrahim Yakuba babban minista mai kula da makamashi. Karo na biyu ke nan da ya yi takara da Tarayya sannan ya shiga gwamnatinta, kuma wannan ya fi na farko wuyar karewa, tun da ya tsaya da waɗanda suka ce an yi musu maguɗi. Da yawa daga cikin samarin da suka bi shi saboda abin da ya yi a 2018 sun ji zafin abin, kuma suna da dalili.

Aikin da aka ba shi kuwa na gaske ne. Ƙasar da ke haƙo yuraniyom tun 1971 a lokacin ba ta kai mutum ɗaya cikin biyar da ke da lantarki a gida ba, kuma a lokacin kusan kashi 70 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya ake sayo ta, babban layinta ya taso daga Birnin Kabi ya ratsa jihar Dosso zuwa Yamai. Madatsar Kandaji, da ake sa ran za ta ba da megawat 130, an daɗe ana jiran ta. Ranar 5 ga Yulin 2023 aka yi bikin buɗe tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30 a gefen Yamai. Mako uku bayan haka, ranar 26 ga Yuli, masu tsaron fada ƙarƙashin Janar Abdurahman Tiani suka tsare Bazum. CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga wata, Najeriya ta katse wuta ta rufe iyaka. Birane suka shiga duhu, mutanen Arewa biyu da ke cin kasuwa ɗaya suka koma bin ɓarauniyar hanya, farashin shinkafa da magani ya tashi. Sai a ƙarshen Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin.

Juyin mulkin ya same shi a ƙasar waje. Abokan aikinsa da dama sun zauna can, shi kuwa ya dawo. Ranar 4 ga Janairun 2024 ya sauka a filin jirgin Yamai, a nan aka kama shi, daga baya aka kai shi gidan kason Walam bisa zargin cin amanar tsaron ƙasa. A ƙarshen Yulin shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta ba da umarnin a yi masa sakin talala tare da wasu tsofaffin ministoci uku. Ba a sake su ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jayayya a kan ayoyin doka ya ƙara wata takwas a tsare da hukuncin alƙali a hannun lauyoyinsa. Ko mutum yana son Yakuba ko ba ya son sa, wannan abin tsoro ne, domin umarnin kotun da aka take a kan tsohon minista ba zai yi aiki a kan mai sayar da dankali a kasuwar Dutsi ba.

A Fabrairun 2025 sojoji suka kira babban taro a Yamai. Ranar 26 ga Maris aka ƙaddamar da sabon kundin mulki, aka rantsar da Tiani shugaban ƙasa, aka kuma rushe dukkan jam'iyyun siyasa, manya da ƙanana. Kishin Ƙasa ba ta cika shekara goma ba. Ranar 1 ga Afrilu aka saki mutane kusan 50, cikinsu har da Ibrahim Yakuba da Fumakoye Gado, wanda ya zama shugaban Tarayya a ƙarshen 2022 aka kuma kama shi kwanaki kaɗan bayan juyin mulki. 'Ya'yan Arewa biyu da suka yi shekara goma suna jayayya a kan wa ya fi jama'a a Dutsi sun fito rana ɗaya, babu mai jam'iyya a cikinsu. A Satumban 2025 aka sake tsare Yakuba a kan wata tuhuma ta daban, wadda lauyoyinsa suka musanta.

Jam'iyyun Nijar sun yi laifi mai yawa, kuma ba a rasa dalilin da ya sa mutane da dama ba su yi kukan rushe su ba: cinikin ƙawance, sauya sheƙa, rabon kujeru, jam'iyyar da ba ta wuce aljihun mai ita ba. Kishin Ƙasa ba ta tsira daga wasu cikin waɗannan ba, kuma shugabanta ya shiga gwamnatin abokan hamayyarsa sau biyu ba tare da ya koma ya tambayi waɗanda suka zaɓe shi ba. Duk da haka, a ƙarƙashin tsarin da ya taimaka aka gina a 2010, mutanen Matankari da Kore Mairuwa sun iya juya wa jam'iyya mai mulki baya cikin wata shida, suka tura nasu wakilan majalisa, suka tilasta wa shugaban ƙasa ya nemi goyon bayansu. Wannan ƙarfi ne na gaske, kuma a yau ba su da shi. Abin da ya wajaba a kan mahukunta bai da wuyar faɗa: duk wanda ake tuhuma, Yakuba ne ko waninsa, a gurfanar da shi a fili gaban alƙali, abin da alƙali ya yanke kuma a zartar da shi. Wa'adin da sabon kundin ya ɗibar wa mulkin soja wata 60 ne daga Maris na 2025, kuma kundin ya ba da damar a tsawaita shi gwargwadon halin tsaro.